Jar Kwaɗo

Mahaifina dillalin dawakai ne a kasuwar Nguru, kuma abu ɗaya ya bar min gado: kada ka sayi dokin da ka tarar an riga an sukwane shi. Ni ban gaji dillanci ba, lorin kamfani nake ja, ina kwaso gyaɗa daga Gashuwa zuwa tashar jirgin ƙasa. Amma maganar ta zauna min.

A shekarun nan yanar ido ta rufe idon Inna, mahaifiyata. Tana zaune a Gashuwa, ba ta bambance dare da rana sai da zafin jiki. Aka ce akwai likita a Kano mai cire yana, kuma jirgi daga Nguru yake tashi. Matsalar ita ce kawo ta Nguru. Jaki ya fi ƙarfin bayanta, lori kuwa ta ƙi ƙememe.

"Abin da sai ƙarti sun ɗaga ni sun ɗora kamar buhun kifi? Gara in mutu a makance," in ji ta.

Wanda ya san Inna ya san an gama magana. Abin ya tsaya min a rai, kullum in wuce ƙofar gidanmu da lori, ita kuma tana lalube a ciki.

Ana nan sai na ji wani Kwara, Balarabe mai kanti, zai sayar da wata ƙaramar mota da ya saya hannun Baturen da ya koma gida. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Direbobi 'yan'uwana suka yi ta dariya. Wai motar da ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya, wai kwaɗo ce aka shafa wa jan fenti, rairayin hanyar Gashuwa zai haɗiye ta. Na bar su. Ni gajartar da suke zagi ita nake nema.

Da na je, na tarar an wanke ta tas, inji yana ta guɗa. Na ɗora hannu a kai, da zafi. Sai na tuna da tsoho. Na ce wa Kwaran ya kashe, gobe da safe zan dawo, kada kowa ya taɓa ta. Na share ƙarƙashinta, na baza farin yashi, kamar yadda ake share turke a duba abin da doki ya zubar.

"Mota ce fa, ba goɗiya ba," ya ce.

"Duk mai ciki yana da abin ɓoyewa," na ce masa.

Da safe yashi ya faɗi gaskiya. Baƙin mai bai ɗiga ba, amma ta gaba ya jiƙe. Na leƙa lagireto, tankin ruwan inji, sai ga tsaga an liƙe da sabulu. Na tayar da ita da sanyinta, ta yi tari sau ɗaya ta kama, hayaƙin kuma ba shuɗi ba ne, ma'ana inji bai fara shan mai ba. Na ɗaga shimfiɗar ƙafa ina neman tsatsa, na danna kowace kusurwa in ji yadda take dawowa. Ta baya ta hagu ta yi ƙara, ashe ganyen sifirin ɗaya ya karye. Na zaga da ita bayan tasha, na gwada birki, na bi giya ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarta ƙalau, ciwonta na sama-sama ne. Kwaran ya ga sabulunsa a tafin hannuna, ya daina yabo, muka daidaita. Mai dalma ya toshe lagireto, maƙeri ya yi min sabon ganye.

Ranar tafiya na rage iskar tayoyi, na ɗaura zana biyu da salkar ruwa a baya. Ramin da lori suka haƙa shi ne mai kama cikin ƙaramar mota, don haka na hau kan tudun da ke tsakiya da ƙafa biyu, na bi a karkace. Sau ɗaya ta nutse, na shimfiɗa zana ta fita. Direbobin da suka wuce ni ina haƙa sun samu abin hira, amma kafin su gama sauke kaya ina ƙofar gidanmu.

Na riƙo hannun Inna na ɗora a kan kujerar. Ta shafa, ta auna tsayinta da gwiwarta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari.

"Kai wannan, ai 'yar tsugunno ce."

Ta gyara zane, ta zauna da kanta, babu wanda ya ɗaga ta. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Da muka shiga Nguru sai da na bi ta gaban rumfar direbobi a hankali, ina danna ham, Inna tana zaune kamar matar Razdan.

Ƙanwata ce ta raka ta Kano. Ranar da suka dawo na je tasha da jar kwaɗona. Inna ta sauko daga jirgi sanye da tabarau mai kauri, ta ture hannun ƙanwata, ta nufo ni kai tsaye. Ta daɗe tana kallon fuskata.

"Yaushe ka yi furfura ban sani ba?"

Hawaye ya cika min ido. Ta juya ta dubi motar daga gaba har baya, ta riƙe baki.

"Ashe wannan mummunar ce ta kawo ni? To, buɗe min, ni dai ba na hawan wata."