Dutsen da Na Cire a Kwana ta Uku

Shekaruna na farko a Makka na yi su ne ina tura tsofaffin alhazai a keken guragu, daga masauki zuwa Harami, daga Harami zuwa masauki. Da gwiwa ta fara yi mini gardama sai na koma gyaran kekunan, a wani ɗan lungu a unguwar Misfala, ƙarƙashin matakalar wani gidan haya. Can Kano mahaifina gyaran keke yake yi a bakin kasuwa, don haka ɗaure sifoki da miƙe ƙafar da ta lanƙwashe abu ne da na tashi da shi.

Wata rana bayan la'asar wani Balarabe ya tsaya a kaina riƙe da ƙafar keke guda. Ban taɓa ganin irinta ba. Tayar tana da kauri kamar ta babur, ga haƙora zaro-zaro a jikinta.

Ya ce, "Ya ammi," wato kawu da Larabci, "an ce mini kai ne mai miƙe ƙafa. Shago biyu na je, duk sun ce in sayi sabuwa."

Na karɓa na juya ta, na ga inda take rawa. Na ce ya zauna. Ya zauna a kan wani tsohon bokiti da farar rigarsa, yana kallona har na gama. Da ya juya ta ya ga tana tafiya sumul, sai ya yi murmushi. Na tambaye shi abin da ya lanƙwasa ta haka. Ya ce dutse.

Ashe likitan haƙori ne, kuma shi ne shugaban wata 'yar ƙungiya ta masu tseren keke a gangaren dutse. Daga ranar ƙafafun kekunansu suka riƙa zuwa wurina ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar wata biyu ya ce in zo ranar Asabar in ga abin da ke lalata aikina.

Dutsen yana kudu, an wuce unguwar Kudai, inda gidaje suka ƙare sai baƙaƙen duwatsu da ƙaya. Bayan sallar asuba muke tashi, don a gama kafin rana ta yi zafi. Ba su wuce mutum ashirin ba: malaman makaranta, ma'aikatan ofis, mai sayar da magani, direbobi biyu. A-kori-kura ke hawa da su da kekunansu ta wata hanya a bayan dutsen. Daga can sama sai su riƙa saukowa ɗaya-ɗaya, da hular kwano da kariyar gwiwa, ana duba agogo. Wanda ya fi kowa saurin isowa ƙasa shi ya ci. Ba kofi, ba kyauta. Abin da yake samu kawai shi ne shi ake fara zuba wa shayi idan an baje wake da burodi a kan tabarma.

Tun ranar farko suka ba ni usur, suka ajiye ni a kwana ta uku ta hanyar saukowa. Aikina ba wuya. Idan mutum ya wuce lafiya in busa sau ɗaya, idan ya faɗi in busa sau uku, a dakatar da na bayansa. Na so wurin nan ƙwarai. Wanda ya yi shekaru cikin turmutsutsun Misfala ya san daɗin zama inda ba ya jin komai sai iska da kukan awakin wani makiyayi a can ƙasa. Ina zaune ina jan carbi, sai in ji ƙarar sarƙa da tsakuwa daga sama, kafin in ɗaga kai mutum ya wuce, ƙura ta biyo shi, shiru ya dawo.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Ana fitowa daga kwanar akwai wani dutse a tsakiyar hanya, girmansa ya kai turmin da aka kwantar, rabinsa a binne. Gwanayen cikinsu tsallake shi suke yi. Sauran kuwa ko su yi karo da shi, ko su kauce su faɗa cikin ƙaya. Asabar uku a jere ina busa usur sau uku saboda shi. A ta ukun wani malamin lissafi ya goge hannu tun daga gwiwa har wuyan hannun, ni na wanke masa da ruwan gorata.

Na yi ta mamakin yadda mutum ashirin masu hankali za su bar abu irin wannan a hanya. Na ce a raina ƙila ba su saba da diga ba ne. Ranar Juma'a da sassafe na ari diga da dogon ƙarfe wurin wani maƙwabcina magini, na hau mota zuwa Kudai, na ƙarasa da ƙafa. Na fi awa biyu ina haƙa. Da dutsen ya motsa na sa ƙarfe na ɓamɓaro shi, na mirgina shi gefe. Na cike ramin da ƙasa na daddake, har na share tsakuwa da reshen ƙaya. Na dawo gida da ciwon baya da farin ciki. Matata ta ce Allah ya ba da lada, kawar da cuta daga hanya sadaka ce.

Washegari wanda ya fara saukowa shi ne gwaninsu, wani direban bas ɗan shekara talatin da wani abu. Bahaushe ne haifaffen unguwar Jarwal ta nan Makka, amma tsakanina da shi ban taɓa jin Hausa ta wuce gaisuwa ba, sauran duk Larabci. Ya fito daga kwanar a guje, ya ɗaga jiki zai yi tsalle, sai ya tarar ba abin tsallakewa. Keken ya yi tangal-tangal, ya danne birki, ya tsaya. Ya cire hula ya daɗe yana kallon wurin.

Ya ce, "Kawu, ina dutsen?"

Na ce, "Na cire shi jiya. Ga shi can."

Ya karɓi usur ɗin daga hannuna ya busa sau uku da kansa.

Cikin ɗan lokaci duk suka gangaro suka kewaye wurin. Ba wanda ya ɗaga mini murya, kuma hakan ya fi yi mini nauyi. Likita ya tsuguna ya shafa ƙasar da na daddake, ya ce aikin ya yi kyau. Sannan ya ce, "Ya ammi, saboda dutsen nan muka zaɓi hanyar nan. Shekara biyu ina faɗuwa a kansa. Watan jiya na fara tsallake shi."

Na ce, "To ai malam ya ji ciwo."

Malamin lissafi ya ɗaga hannunsa da ke naɗe da bandeji. Ya ce duk makon nan ba abin da yake tunani sai yadda zai ɓullo wa dutsen, har ya zana shi a bayan littafi. Wasu suka yi dariya. Ni kam na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Direban bas ya matso kusa da ni. Da Hausarsa mai ɗingishi, yana cike giɓi da Larabci, ya ce, "Kawu, kada ka damu. Kai ka ga cuta, mu mun ga wasa. Yalla, zo mu mayar."

Ranar ba a yi tsere ba. Na sake haƙe ramin, mutum shida suka ɗaura wa dutsen igiya suka jawo shi. Sai gardama ta tashi a kan wace fuska ce take sama. Aka fito da wayoyi ana duba tsofaffin hotuna, wannan ya ce a juya shi dama, wancan ya ce a ƙara nitsar da shi. Har rana ta take ba su daidaita ba. A ƙarshe aka bar shi yadda ya zauna. Sun ce bai koma daidai yadda yake da ba, ya ɗan fi tsini, kuma cikinsu akwai waɗanda suka fi son sa a hakan.

Muna cin wake likita ya ce, tunda Allah ya hore mini hannun diga, me zai hana in buɗe wata hanya ta gefe, wadda za ta zagaye dutsen, don sababbin shiga da waɗanda ba su shirya ba. Juma'a uku na yi ina aikinta. Ta fi tsawo, mai binta zai yi asarar lokaci, amma ba zai faɗi ba. Makon farko ba wanda ya bi ta, kowa yana jin nauyin a gan shi. Mako na biyu likita da kansa ya bi, ya iso na goma sha ɗaya, ya ce bayansa ne ke ciwo. Daga nan ta zama hanya. Akwai dattawa biyu da suka shiga ƙungiyar daga baya, waɗanda suka gaya mini ba don ita ba da ba su shiga ba.

Shi kuwa direban bas, tun daga ranar ya riƙa biyowa ta lunguna idan ya tashi aiki, ko da ƙafar keke ko babu. Ya zauna ya ce in yi masa Hausa kawai, in gyara masa idan ya yi kuskure. Wata Alhamis ya ce mahaifiyarsa tana son ganin mutumin da ya cire dutsen, don ta sha labarin. Muka je Jarwal ni da matata. Tsohuwa ce 'yar Damagaram, ta fi shekara arba'in a Makka. Ta sa aka dama mana fura, ta sa na ba da labarin tun daga farko, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Da na kai ƙarshe ta ce, "Malam, da ni ce, da cikin rami zan jefa shi yadda ba za su ƙara ganinsa ba. Kullum Asabar raina a tsaye yake sai ya dawo."

Ɗan ya ce, "Inna, ai da mun samo wani."

Ta ce ta sani. Ta juya wajen matata tana tambayarta inda take samun daddawa mai kyau, suka shiga hirarsu har aka kira magariba.