Ƙasar Tsohon Gini

Kalilu magini mutumin Daura ne, a hannun mahaifinsa ya koyi ginin tubali da ɗora zanko. To, sana'ar ba rana ɗaya ta mutu ba. Bulo ya shigo, filin cikin gari ya yi tsada, masu hali suka riƙa sayen tsofaffin gidajen unguwarsu suna rushewa, suna ta da shaguna da benen hayar da ɗan unguwa ko tambayar kuɗinsa ba ya yi.

Kun san ƙasar tsohon gini taki ce, manoma kan zo da amalanke su kwashe. Kalilu yakan riga su. Ya ɗebi kwano guda, ya kwaɓa, ya sake gina gidan ɗan ƙarami a kan faifai, da zaurensa da rijiyarsa. Ba ya gasawa.

"Gida ba tukunya ba ne," in ji shi.

A zauren gidansu ya jera su, kowa jikin maƙwabcinsa. Waɗanda aka tasa zuwa bayan gari sukan leƙo bayan Juma'a.

"Kalilu, ina madafina?" in ji tsohuwa Yelwa mai ƙosai.

"Ga shi, Iya, har da tsagar bangon."

"Ja'iri, ita ce ba ka manta ba!"

Ana nan sai 'yan'uwansa suka sayar da gidan gadonsu. Da yayansa ya kawo maganar, Kalilu ya ce, "To." Ranar rusau ya ɗebi kwanonsa, ya gina nasu kamar na kowa.

Ɗaki ɗaya ya samu a hanyar Mai'adua, shi da matarsa Haulatu da yara. Ya zaga neman zauren da zai ajiye gidajen, amma ginin yanzu ƙofar ƙarfe ce da katanga. Ya jera su a waje, ya rufa musu buhu.

Ruwan farko da la'asar ya sauko. Haulatu ta fito da gudu.

"Malam, ko naku mu shigar, zai shiga ƙarƙashin gado."

"Shi kaɗai? Ba maƙwabta?"

Ya zauna a bakin ƙofa yana kallo. Zankwaye suka fara narkewa, sannan katangu, gidan Yelwa ya gangara cikin nasu.

Washegari wani manomi ya tsaya, ya tambayi ko ana bukatar ƙasar nan. Kalilu ya ara masa shebur.