Duron Baba Idi Ya Tafi Gida

Ana sallame asuba muka tashi daga unguwar Bani Malik, ni da maƙwabcina ɗan Nijar, a tsohuwar a-kori-kurarsa da ba ta tashi sai an lallashe ta. A baya mun ɗaure shuɗin duron Baba Idi.

Baba Idi ɗakinsa na jikin nawa. Shekara da shekaru yana dako a rumbunan kaya, yana cika duron nan kaɗan-kaɗan: atamfa, turare, takalman jikokin da bai taɓa gani ba. Kullum cewa yake shi da duron tare za su koma. Makon jiya muka binne shi a nan Jidda. Mai gida na son ɗakinsa, kwantenar da za ta Najeriya kuma yau za a rufe ta.

Mun tsaya mun karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa. Gurasar ta ƙara kuɗi, ta rage faɗi. Da muka yanki kudu ta gefen tashar jiragen ruwa, sai tireloli suka sa mu a tsakiya, hayaƙi kamar ya shaƙe mutum. An jibge kwantenoni kamar benaye. Inda a da muke hango ruwa, yanzu katanga ce da sababbin rumbuna. Ban ga tekun ba, warinsa kawai na ji.

A Khumra, unguwar rumbunan kaya, muka tarar da leburori kwance a inuwar motoci, gumi ya jiƙa su sharkaf. Mai rumbun, wani ɗan Chadi, ko kallonmu bai yi ba.

"Halas, ya akhi, ta cika. Sai ta gaba."

"Na Baba Idi ne," in ji maƙwabcina. "Allah ya yi masa rasuwa."

Mutumin ya dafa duron. "Shi yake loda min kaya tun ina sabon zuwa." Ya juya wajen leburorin. "Yalla, ku sauke firjin nan nawa, ku sa wannan."

Da la'asar muka dawo, bayan mota wayam. Abin da tafiyar ta koya min ya yi min ɗaci: tashar nan kullum ƙara girma take, kowane kaya tana da hanyar kai shi gida, ban da masu ɗaukarsa.

Ina shiga ɗaki idona ya faɗa kan nawa duron. Ya wuce rabi.