Jirgin Da Bai Kai Mu Kete Ba

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A ƙarshen shekarun casa'in ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, haifaffiyar zangon Salaga, aure ya kai ni Bawku. Albasa nake saye a hannun manoma in cika lori in kai Ankara, babban birnin Gana, kuma Allah ya sa wa abin albarka. A tasha an san bakina. Direba bai isa ya yi mini wasa da kaya ba, kuma in na ce zan yi abu to an gama. Sai dai ina da wani hali, ba na bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Da ya fara sai in ce na gane, in tashi in kama aiki.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ba haka take ba. Tana iya wuni ba ta yi magana goma ba. Ba 'yar Salaga ba ce, a tsohon zangon Kete aka haife ta, garin da ruwan Volta ya cinye lokacin da aka yi madatsa, kafin a haife ni. Ba ta taɓa ba mu labarin garin ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Abu ɗaya ne na daɗe ina riƙe da ita a zuciya. Da na haifi 'yata ta fari, Mma ce da kanta ta aiko Bawku da sunan da take so a sa mata, aka sa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran yarinyar da shi ba. Kullum sai dai 'yar Bawku, zo nan 'yar Bawku. Abin yana ci mini rai, ina ganin kamar ba ta damu da jikarta ba.

Bayan rasuwar Baba yanar ido ta fara rufe mata gani. Na je mata gaisuwar Salla, muna zaune tana tsince wake da lalube, sai ta ce da ma a kai ta kan ruwan nan ta gani kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce an gama, Mma. A Ankara na sha jin matan manyan 'yan kasuwa suna labarin wani jirgin shaƙatawa da ke tashi daga Akosombo, inda madatsar take, ya kai mutane wani tsibiri, ana ci ana sha ana kiɗa. Na ce wallahi uwata ma sai ta shiga, ba za ta hau kwalekwale da doya da awaki ba. Na ɗinka mana leshi iri ɗaya, na biya ta Yendi na ɗauko ƙanwarta, Inna, don ta yi mata rakiya, muka bi ta Tamale da Kumasi. A hanya Mma ta tambaye ni ko jirgin yana zuwa ko'ina a kan ruwan. Ina tsakiyar faɗa da yaron mota kan jakarmu, na ce mata e, ko'ina.

Ranar shiga jirgin ta ƙi sa leshin. Farin mayafi ta yafa, ta riƙe butarta da carbi. Na yi mita har na gaji. Jirgin kuwa ya amsa sunansa, hawa kan hawa, ga makaɗan hailaif, ga Turawa kwance a rana sun yi ja kamar manja, ga samari cikin fararen kaya suna yawo da faranti. Aka jera abinci a dogon tebur, jalof, kaji, gasasshiyar karfasa, soyayyar ayaba, kowa ya ɗebi son ransa. Na cika wa Mma faranti, ta ture. Na zaci tsoron naman alade take, na je har wurin mai dafuwa na tabbatar, na dawo na rantse mata, ta ce ita dai ba yanzu ba. Ta ja kujera bakin ƙarfen jirgi ta zauna tana fuskantar ruwa, jim kaɗan sai ta tambaye ni ko mun kusa. Na ce saura kaɗan. Raina ya ɓaci sosai, ga mutane suna kallonmu, ga Inna da ba ta raina abinci ita ma ta kasa ci, sai harara take aiko mini.

Muka sauka a tsibirin. Yara suna kiɗa suna rawa, ana saye da sayarwa, ana ɗaukar hoto. Mma ta tsaya a bakin ruwa tana juya kai, sannan ta tambayi wata mai sayar da bandar kifi ta ina masallacin Kete yake a da. Matar ta riƙe baki. Ta ce ai Kete na can arewa, tafiyar kwana da wuni a jirgin kaya, wannan jirgin daga nan yake juyawa. Mma ta nemi dutse ta zauna, ta ɗora butar a cinya.

Nan Inna ta ja ni bayan wata bishiya ta wanke ni tas. Ta ce ita tun a mota jikinta ya ba ta, amma wa ya isa ya yi magana ina magana. Ta tambaye ni ko ina tsammani ni ce 'yar farin Mma. Ta ce akwai wata kafin ni, yarinya, ta fara tafiya kenan ƙyanda ta ɗauke ta, aka binne ta a maƙabartar bayan masallacin Kete, shekara ba ta zagayo ba ruwa ya rufe wurin. Mma ba za ta taɓa faɗa da bakinta ba, don mace irin ta da ba ta ambaton ɗan fari, balle ta ce tana kewarsa. Abin da ta iya faɗa kenan, a kai ta kan ruwa. Kuma Kete, in ji Inna, daga Salaga ta hanyar Kpandai ko wuni ba a yi. Na ɗauko tsohuwa na zagaya da ita rabin ƙasa don ta kalli Turawa suna cin kaza.

Ni dai ba a gina ni don zaman kuka ba. Na je na durƙusa gaban Mma na ce mata ba za mu koma gida ba sai ta ga Kete. Ta ce a bari, an riga an wahala, Allah ya san niyya. A ranar ne karo na farko na saurare ta har ta gama, sannan na ce mata a'a.

Ina da lori cike da albasa yana jirana a Ankara, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Na aika wa wata abokiyar sana'ata ta sayar yadda ta samu. Muka zauna a Akosombo muna jiran jirgin kaya mai zuwa Yeji, wanda ke tsayawa a sabon garin Kete Krachi. Yau a ce gobe, gobe a ce inji ake gyara. Da ya tashi, a ƙasa muka shimfiɗa zannuwa tsakanin buhunan siminti da akwatunan doya, leshina ya zama matashin kan Mma. Ƙafafunta suka kumbura, zazzaɓi ya kama Inna, tana rawar sanyi tana ce mini duk ni na jawo. Na ce na ji, ta sha magani.

A Kete Krachi masunta suka ƙi ɗaukarmu. Suka ce ruwa ya ja baya a shekarar, kututturan itatuwan da suka nutse sun fito, ga iska, ba za su ɗauki tsohuwa mai ciwon ido ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yi roƙo, na yi faɗa, na kai ƙara wurin limamin zango, har ya haɗa mu da wani dattijo mai kwalekwale wanda shi ma a tsohon garin aka haife shi. Da sassafe muka fita kafin iska ta tashi. Babu abin gani sai ruwa da busassun itatuwa tsaye fari fat. Mma ta ce in zama idonta. Ina faɗa mata ga tudu a dama, ga wani ƙaton kututture mai reshe biyu, ita da dattijon suna ta musu a kan ko rimin kasuwa ne ko na masallaci. Gaskiya ba wanda ya tabbatar. Can ta ce a tsaya nan.

Ta sa hannu a ruwa ta daɗe. Ta yi addu'a, muka shafa. Sannan ta sunkuya ta kira sunan, a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Sunan 'yata ne. Shekara goma sha wani abu ina jin haushin tsohuwar nan a kan sunan da ta ba ni ajiya don kar ya ɓace, alhali bakinta ba ya iya furta shi. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar Baba. Ita kuwa ta cika butarta da ruwan, ta goge fuska, ta ce yunwa take ji. Garin rogo da soyayyen kifi ta ci a cikin kwalekwalen, har da neman ƙari.

Rabin albasar ya ruɓe, ban kuma yi baƙin cikinsa ba. Kafin azumi ya zagayo idon Mma ya rufe gaba ɗaya. Da na yi sanyi na koma da ita gida daga tsibirin nan, da shi kenan. Don haka nake jan kunnen 'yan'uwana, musamman mu da Allah ya buɗa wa. Iyayenmu na da ba sa faɗin abin da ke ransu kai tsaye, rabi suke faɗa su bar maka rabi. In tsohuwarka ta roƙe ka abu, kar ka yi saurin cewa an gama. Zauna, ka tambaye ta ina ne, ka tambaye ta don me, in ta yi shiru ka nemi wanda ya san ta tun tana yarinya. In kuma ka riga ka yi kuskure irin nawa, kar ka tsaya jin kunya, juya ka gyara tun tana da rai.

Mma ta rasu bayan shekara biyu a Salaga. Ruwan butar nan, da ta ɓoye a ƙarƙashin gado, shi muka zuba a ruwan wankanta kamar yadda ta yi wasiyya. Har ta koma ga Allah 'yar Bawku take ce wa jikarta, ni kuma ban sake gyara mata ba.