Sabuwar Tana Hanya

Ko da zan manta komai na shekarar da 'yata ta fara zana jarrabawar shiga jami'a, ba zan manta abin da ƙanena ya yi mana a kan kwamfuta ba. Shekaru sun wuce, mun daɗe da shiryawa, in ya zo gida ni nake dafa masa abin da yake so, amma har yau in na tuna sai na ji raina ya sosu.

Ni malamar firamare ce a nan Birnin Gwari. Maigidana manomi ne, kuma a shekarar ko rabin gonarsa ta bayan gari bai noma ba, saboda mutanen daji sun hana kowa sakat. Yarinyar ita ce ta fari a wurina, tana da ƙoƙari, burinta ta karanci aikin jinya. Matsalar ɗaya ce: a kwamfuta ake yin jarrabawar, ita kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. A makarantarsu akwai ɗakin da aka ce na kwamfuta ne, amma ba ta taɓa ganinsa a buɗe ba.

Da na ɗauki adashe, sai na yi niyyar saya mata laftof ta hannu. Akwai wani mai shago kusa da tasha da yake sayar da irin waɗanda ake kawowa daga waje a gyara su. Ya kunna mana wata baƙa mai ɗan kauri, gefenta ya goge, ya ce batirinta yana riƙe caji kuma zai sa mana tambayoyin gwaji a ciki. Yarinyar tana tsaye tana taɓa madannan a hankali kamar za su fashe. Har na buɗe jaka, sai na ce bari dai in kira ƙanena tukuna.

Shi ƙanen nawa a Kaduna yake aikin ofis. A danginmu, duk mai son sayen waya ko talabijin sai ya ji ta bakinsa, kuma yana jin daɗin wannan matsayi ƙwarai. Ban gama yi masa bayani ba ya tari numfashina.

"Yaya, abin da Turawa suka gama tatsewa suka jefar shi za ki saya wa 'yata? Akwai sabuwa da za ta fito ƙarshen watan nan. Ki turo abin da ke hannunki, ni zan cika sauran."

To, ya mutum zai yi da wanda ya ce zai cika masa? Na ba mai shago haƙuri, na ja hannun yarinyar muka fita tana waiwaye. Washegari na tura kuɗin.

Ƙarshen wata ya zo, na kira. Ya ce ta fito a ƙasar waje, saura ta iso Legas. Na sake kira, ya ce tana tashar jirgin ruwa, masu kwastan ne suka riƙe kaya. A lokacin sabis ɗin waya a garinmu sai an yi dace, wani lokaci sai na fita bakin titi ina ɗaga waya sama kafin kira ya shiga. In ya shiga kuma, maimakon ya gaya mini ranar da zan ga kwamfuta, sai ya hau yi mini bayanin saurinta da rashin nauyinta da yadda allonta yake nuna launi. Ina tsaye cikin rana, babura suna watsa mini ƙura, ina sauraron yabon abin da ko shi bai taɓa riƙewa ba. Kullum da magana ɗaya yake rufewa, wai in kwantar da hankalina, sabuwar tana hanya.

Ita kuwa yarinyar a wayata take gwaji, tana dangwala amsa da babban yatsa. Wata rana muna tsintar shinkafa ta tambaye ni ko shi wannan mawus ɗin kwamfuta da ake faɗa danna shi ake yi ko ja. Ban san amsar ba. Na koma wurin mai shagon nan ko zai bar ta ta riƙa zuwa tana koyo, ya ce ai baƙar tuni wani ya saye ta, waɗanda suka rage kuma tsadarsu ta ƙaru.

Da na ga kwanaki kaɗan suka rage, sai na ce wa maigidan zan je Kaduna da kaina. Ya ce ban da hankali. Duk wanda ya san hanyarmu a wancan lokacin ya san dalilin da ya sa ya faɗi haka. Da safe motoci suke taruwa a jira sojoji su yi rakiya, in an shiga daji kuwa direba ya kashe rediyo, kowa ya yi tsit. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta jan carbi. Kowa yana addu'a, ni ma ina yi, amma gaskiya rabin zuciyata faɗa take da ƙanena. Ina kallon itatuwan nan ina cewa, yanzu in aka tare mu, me za a ce ya fito da ni? Laftof.

Allah ya kai mu lafiya. Matarsa ta tarbe ni da ruwa da abinci, shi kuma ya shigo da fara'arsa kamar ba abin da ya faru. Ban ko wanke hannu ba na ce ya ba ni kwamfutar ko ya ba ni kuɗina in shiga kasuwa in sayi ta hannu a ranar. Ya ɗan sosa kai. Ashe kuɗin ya riga ya ba wani dillali a Legas kafin alƙalami. Ashe kuma wadda muke jira ta daɗe da isowa, shi ne ya ce kada a turo, wai ya ji masu sharhi suna cewa tana ɗaukar zafi, akwai wata da ta fi ta da za ta biyo baya.

Ya ce bari ma ya nuna mini. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tasa laftof ɗin don ya kunna mini bidiyon wani Bature yana buɗe kwali. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. An naɗe gefenta da salatef, murfin ba ya tsayuwa sai an jingina shi da matashi, in an kunna ta tana ƙara kamar injin markaɗe. Na tambaye shi ko wannan ce tasa. Matarsa da ke kwashe kwanuka ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, tun ina amarya yake cewa zai canja ta. Duk wadda ta fito sai ya ce a jira ta gaba."

Na dube shi na ce ya gaya mini ranar jarrabawar yarinyar. Ya ce ba sai watan gobe ba? Na rufe laftof ɗin Baturen yana tsakiyar magana, na naɗe cajar, na sa duka a jakata. Ya miƙe yana cewa aikin ofis ɗinsa yana ciki, da me zai yi aiki.

Na ce, "Ka kwantar da hankalinka. Sabuwar tana hanya."

Matarsa ce ta taimaka masa ya kwashe takardunsa daga cikin laftof ɗin zuwa wani ɗan abin ajiya, ni kuwa da safe na bi ayarin motoci na koma gida.

Da ma a ce nan wahalar ta ƙare. Batirin ya mutu tuntuni, sai a jone take aiki, mu kuwa wuta sai mu yi kwanaki ba mu gan ta ba. Dole kullum yarinyar ta ɗauke ta zuwa wurin mai cajin waya, ta zauna a benci kusa da janareto, hayaƙi yana shiga mata ido, tana koyon yadda ake kai kibiya kan amsa. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma hannun bai saba ba. Ranar jarrabawa lokaci ya ƙare mata da sauran tambayoyi da yawa, kuma ta ce ta san amsoshinsu. Da sakamako ya fito, makinta bai kai ba. Ƙawayenta suka tafi makaranta, ita ta zauna a gida tana taya ni wanke-wanke har shekara ta zagayo. Ba ta taɓa cewa laifin kowa ba ne, kuma wannan shirun nata ya fi komai ci mini rai.

Sabuwar ta iso bayan sakamako ya daɗe da fitowa. Da kansa ya kawo ta cikin kwali, yana murmushi, ya hana kowa taɓawa sai da ya ɗauki hoto. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Na gode, Kawu." Ni kuwa na tashi na shiga kicin. Da wannan sabuwar laftof ɗin ta yi gwaji har shekara ta gaba ta ci jarrabawar, yanzu haka tana aiki a asibiti. Ranar da aka ba ta gurbin karatu ya kira ni cike da murna, ya ce in duba in gani, da wancan tarkacen muka saya, da yanzu ya lalace. Wallahi haka ya ce. Na cire wayar daga kunnena na dube ta.

Ban taɓa zargin ƙanena da mugunta ba, son yarinyar yake da gaske. Abin da na koya shi ne, akwai mutanen da jiran abu ya fi musu daɗi a kan samunsa, kuma shawararsu tana da zaƙi don ba su ne lokaci yake ƙure wa ba. Tun daga nan, duk wanda ya ce in jira abin da ya fi kyau, sai in fara tambayarsa ko ya san ranar da nake bukatar abin. In bai sani ba, in yi masa godiya, in je in sayi wanda ke gabana.