Sunan Mai Gonar Bakin Kanal

Da aka ce zan yi aikin koyo na dogon hutu a wani kamfanin safiyo, masu auna filaye, da ke cikin birni, na ɗauka ofis mai sanyi za a ba ni da kujera mai juyawa. Har na ɗinka sababbin kaya kala biyu. Kwana uku na yi a ofishin, kuma a kwana ukun nan ban fahimci komai ba. Za a shiga taro a yi ta zuba Turanci guntu-guntu, kowa yana gyaɗa kai, ni ma in gyaɗa nawa don kada a ce ɗalibin aji uku a jami'a bai san abin da ake ciki ba. Ranar ta huɗu shugabar sashenmu, wata injiniya 'yar Kudu da kowa yake kira Madam, ta ji an ce ni ɗan Madobi ne. Ta dube ni kamar ta yi tsintuwa, ta ce gobe in shirya, Bunkure za mu.

A mota aka yi mini bayanin aikin. Za a gyara wani kanal da ke kai ruwa gonakin shinkafa, kuma kafin a fara, an ba kamfaninmu kwangilar auna kowace gona da rubuta sunan mai ita. Sunan da ya shiga takarda shi za a yi wa katin gona, da katin za a riƙa ba da ruwa. Wasu za su yi awo, ni kuma tunda "ɗan gida" ne, zan bi manoma da babbar wayar aiki ina cike fom. Gona arba'in ake so a rana. Na ce to, amma a raina na san rabona da shiga gona tun ina firamare.

Fom ɗin nan shi ya fara rikita ni. Gurbin suna ɗaya ne tak, alhali gona ɗaya sai ka tarar mutum uku suna da hannu a cikinta: wanda ya gada, wanda yake noma ta da damina, da wanda yake arar ta da rani ya zuba tumatir. Na tambayi Madam wanne zan rubuta. Ta ce mai gona. Na ce idan ba ya nan fa? Ta ce in yi amfani da hankalina. Wallahi na ji haushi, don da hankalin zai wadatar ai da ban tambaya ba.

A mako na biyu, wajen azahar, na iso wata gona a bakin kanal. Takalmina ya cika da taɓo, gona goma sha tara kawai na yi, raina a ɓace yake. Wata tsohuwa na tarar, siririya, Bafulatanar ƙauyen, tana cirar ciyawa a kan kunya. A cikin ruwa kuma wani magidanci yana dashen shinkafa. Muka gaisa sama-sama.

"Inna, gonarki ce?"

"A'a, ɗan nan, ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

"Ta wani ce." Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki.

"Wane ne wanin? Ɗanki ne?"

Ta kawar da kai wajen ruwa. "Ɗan mutane dai."

Na sake tambaya har sau biyu, murya tana ɗagawa, ita kuwa sai murmushi take yi wa ƙasa. Na ce a raina wannan baiwar Allah ƙwadago ta zo, ba ta ma san mai gonar ba. Na juya wajen magidancin na ce, "Malam, kai ke noma ta?" Ya ce e, shi ke noma ta. Na tambayi sunansa, ya faɗa, na rubuta, na wuce ta gaba.

Bayan kwana goma aka liƙa jerin sunaye a ƙofar gidan mai unguwa don kowa ya duba. Ranar Laraba ce, kuma ranar Juma'a za a tura jerin zuwa ma'aikatar gwamnati, daga nan babu gyara. Muna tsaye ni da Madam, mai unguwa ya yafito ni.

"Samari, kai ka rubuta gonar bakin kanal?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ka ɗauki gonar ɗan tsohuwar nan ka ba wa mai aro. Yaron ya tafi da shanu Kudu tun bara. Ita ke riƙe masa, ita ta ba da aron damina. Daga abin da ake ba ta na shinkafa take ci da 'ya'yansa."

Na ce ai na tambaye ta, da bakinta ta ce ɗan mutane ne. Dattawan da ke kan tabarma suka kwashe da dariya. Mai unguwa bai yi dariya ba.

"Ɗan farinta ne. Kai a ina aka haife ka?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba wai ban san al'adar ba ce, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ni ma ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Kai" take ce mini, ko ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini wancan." Ina yaro har kuka na sha yi a ɓoye, ina cewa ta fi son sauran. Amma da aka miƙa mini waya mai fom ɗin Turanci aka ce arba'in a rana, sai na tsaya a gaban tsohuwa mai kunyar ɗan fari ina ta ɗaga mata murya kamar baƙon da ya sauka jiya.

Mai aron yana wurin, a gefe. Da na dube shi sai ya ce, "Ka tambaye ni ko ni ke nomawa, na ce e. Ƙarya na yi?" Bai yi ƙarya ba. Amma ya ga sunansa a jikin bango tun safe, kuma bai ce wa kowa komai ba. Har yau ban san me zan kira wannan ba.

Na yi wa Madam bayani. Ta ce gyara yana da ƙa'ida: sai mai ƙorafi ya faɗi sunansa, da dangantakarsa da mai gona, da cikakken sunan mai gonar, a naɗa a waya. Na ce mai unguwa zai faɗa. Ta ce mai unguwa shaida ne, ba shi ke ƙorafi ba. Aka gwada lambar ɗan tsohuwar, ba ta shiga, yana can daji. Na ce, "Madam, matar nan shekara arba'in ba ta faɗi sunan nan ba." Ta ce ba ta gane ba, uwa ta kasa faɗar sunan ɗanta? Na buɗe baki in yi mata bayani da Turanci, sai na ga ni ma ban san dalilin ba. Na dai san haka ake yi.

Ranar Alhamis da hantsi muka koma gonar, ni da Madam da mai unguwa. A wannan karon na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ta yafe mini, ni na yi ɓarnar. Ta ce babu komai. Mai unguwa ya faɗa mata abin da ake bukata, a hankali, bai ɓoye mata cewa idan ba a yi ba katin zai fita da sunan mai aro ba.

Can gefe injin ban ruwa na wani maƙwabci yana ta ƙara. Na ɗaga wayar. Ta faɗi sunanta. Da aka zo kan dangantaka ta ce, "Ni na haife shi," mai unguwa ya sunkuyar da kai. Sannan ta juya mana baya gaba ɗaya, ta fuskanci kanal, ta faɗi sunan sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Ni da nake kusa na ji. Na ga kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take yi ko kunya ce ba.

Madam ta ce injin ya yi ƙara, a maimaita da ƙarfi. Na ce sunan ya shiga. Ta ce na tabbata? Na ce na tabbata, na kashe wayar na sa a aljihu.

Da muka koma ofis da la'asar ta sa abin sauraro a kunne ta kunna abin da na naɗa. Na san abin da za ta ji: sunan tsohuwa, "ni na haife shi", sai ƙarar inji. Ta saurara sau uku. Ta cire abin kunnen ta dube ni, ni kuma na riga na fara tunanin me zan faɗa a makaranta idan aka kore ni. Sai ta turo mini fom ɗin gyara ta ce in rubuta abin da na ji. Na rubuta, ta sa hannu. Har na gama wata ukun nan ban gane ko ta yarda da ni ba ne ko tausayin tsohuwar ta ji.

Ranar Asabar na je gida Madobi. Ina sallama a zaure na jiyo muryar mahaifiyata daga madafa tana ce wa ƙanwata, "Wancan ne ya dawo? Zuba masa, na ajiye masa nasa a ƙaramar kula." Na tsaya a zauren da takalmi a hannu, na kasa shiga, sai da ƙanwar tawa ta leƙo ta ce me nake yi a tsaye.