Injin Numfashina a Jirgin Gwanzu

Mu biyar ne muke zuwa ƙasar Sin sarin kaya daga Damagaram, dukanmu mata, sau biyu a shekara. Ni kayan girki nake ɗaukowa, kuloli da tukwane da filas, ina da shago a kasuwar Dole. Mukan hau kar, babbar motar fasinja, da asuba, gari ya waye mana a wajejen Takieta, mu kwana a Yamai, washegari mu shiga jirgin Adis Ababa. Daga can muke hawa wanda zai kai mu Gwanzu, kuma shi ne mai nisan, kusan awa goma a sama.

A cikinmu akwai aminiyata, ƴar unguwarmu ta Birni, mai sarin takalma. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Ita kaɗai ke yarda ta haɗa ɗaki da ni a masauki, saboda minsharina. Sauran sun mai da abin wasa, in sun yi dariya in taya su, ko da ba ta kai mini ciki ba. Yaya ce ta fara gaya mini cewa ba minshari kaɗai nake yi ba, numfashina ɗaukewa yake yi, har takan tashi zaune tana jiran ya dawo. Maigidana ya daɗe da rasuwa, yara duk sun yi aure, babu mai jin barcina sai ita. Ta matsa mini lamba har na ga wani likita a Yamai. Ya ce maƙogwarona ne ke rufewa in na yi barci, ya rubuta mini wani ɗan inji kamar rediyo, mai tiyo da abin ɗaurawa a hanci, wanda ke tura mini iska har safe.

A gida ban daɗe ba na saba da shi. Ciwon kan da nake tashi da shi ya tafi, na daina gyangyaɗi a shago. Amma kafin tafiyarmu ta gaba gwiwoyin Yaya suka ƙi, ƴaƴanta suka hana ta tafiya. Haka na shirya, ga inji a hannu, babu ita.

Kamfanin jirgin ya ce sai na zo da batir da takardar likita, kuma a bakin taga zan zauna don kada tiyon ya tare wa wani hanya. Wurin da suka ba ni yana gaba, abokan tafiyata uku suna can baya a jere. Tun a Adis na fara jin abin. Wajen bincike aka fito da injin, ana juya shi ana goge shi da wani ƙyalle, ma'aikacin yana kallon takardata ta Faransanci ba ya ganewa. Matan suka tsaya kaɗan, sai suka ce za su je su kama mana wurin zama. Da aka sallame ni na daɗe ina neman su a cikin jama'a.

A jirgi wani Basine ne ya zauna kusa da ni, magidanci, da tabarau. Aka ba mu abinci, aka rage fitilu. Na ajiye jakar injin a gaban ƙafata, na fi awa ɗaya ina kallonta. Ba kunyar injin kaɗai ke damuna ba. Maɗaurinsa sai ya zagaya kai, ba ya zama a kan hijabi, ni kuma ban taɓa cire hijabi kusa da baƙon namiji ba. Daga baya na ja bargon jirgi na lulluɓe har kai, na tuɓe hijabin a cikin duhu, na ɗaura abin a kan ɗankwali da lalube, na mayar da hijabin. Na fito ina zufa, tiyo na lilo daga hancina.

Mutumin ya dube ni, ya dubi injin, ya danna abin kiran ma'aikaciya. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya kwashe kayansa ya bi ta. Ban ga laifinsa ba, wataƙila ya ɗauka wata cuta ce mai yaɗuwa. Ma'aikaciyar ta dawo, ta duba takardata, ta gyara mini bargo, ta wuce.

In injin na aiki ba a iya magana, kana buɗe baki iska za ta fito da ƙarfi. Ko addu'ar barci a zuci na yi. Daga baya can ina jiyo Hausa, ɗaya tana ba da labari sauran suna ƙoƙarin danne dariya. Na gane muryar kowacce. A da ina tsakiyarsu, in na fara minshari Yaya ta zungure ni da gwiwar hannu, in farka mu ci gaba da hira, mu sauka a gajiye tare. Na jingina da taga, na yi ta sauraron su har barci ya ɗauke ni.

Awa bakwai na yi, abin da ban taɓa yi a jirgi ba. Da na farka an kunna fitilu, an kwashe karin kumallo. A kujerar da babu kowa na ga kilishi a ƙunshe cikin takarda, da dabino uku. Na naɗe tiyo, na taka zuwa baya, shatin maɗauri a kumatuna. Suka ce sun zo sau biyu, sun tarar da ni kamar wadda aka kwantar a asibiti, sai suka kasa tashina.

Babbar cikinsu ta ce, “Wallahi Hajiya, sai da na taɓa hannunki na ji ɗumi sannan hankalina ya kwanta.”

Na yi godiyar kilishi. A nan suka gaya mini sun riga sun shirya zancen masauki: su uku ɗaki ɗaya, ni kuma nawa daban, don injina ya samu wurin kuran, wato wutar lantarki, in kuma huta sosai. Da kyakkyawar niyya suka faɗa, na sani. Na ce to.

Da muka isa Gwanzu su duka suka zube suna barcin gajiya, ni kuwa idona garau. Na zauna a bakin gado na kira Yaya. Ina jiyo jikokinta a tsakar gida, da wata tana daka.

Ta ce, “Kin yi barci a jirgin?”

Na ce, “Na yi, Yaya. Har sai da aka kusa sauka.”

“To alhamdu lillahi. Abin da nake so ke nan.”

Na so in gaya mata sauran, amma wani jikan ya fara kuka, ta ce za ta kira ni anjima.

Sau huɗu na sake yin tafiyar bayan wannan. Yanzu tun a Yamai nake ɗaura ɗankwali yadda maɗaurin zai zauna, ba na buƙatar bargo. Amma a ranar farkon nan, da na ajiye waya, sauka na yi neman ruwan da ake zuba wa injin, wanda aka tace. Na shiga shago uku ina nuna hotonsa a waya, kowa na girgiza kai. A na huɗu wata tsohuwa ta gane, ta miƙo mini kwalba. Na dawo masauki, na tsaya a ƙofar ɗakinsu na kasa kunne. Shiru. Na wuce nawa.